Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Kwashe Kuɗi: Batun Sunayen Yaranmu A Manhajar Ƙungiya

 

Kamar yadda aka sanar a zaman da ya gabata, kwamitin zartarwa ya amince a ɗauke manhajar da muke rubuta kuɗin wata-wata da rajistar mambobi da ita daga asusun GitHub na matashin da ya fara ta, a mayar da ita sabon asusu mai sunan ƙungiya. Babu wanda ya ja da wannan. Shi kansa matashin ne ma ya fara kawo maganar, domin kayan jama'a bai kamata su zauna a aljihun mutum ɗaya ba, komai amanarsa. Inda aka rabu shi ne yadda za a yi ƙaurar. Wasu daga cikin iyayenmu da shugabanninmu suna ganin a kwafo manhajar yadda take a yau, a zuba ta a sabon wuri da sunan ƙungiya kawai, a fara sabon shafi. Mu a sakatariya ba mu goyi bayan haka ba, kuma tun da maganar za ta dawo gaban babban taro, mun ga ya dace mu shimfiɗa hujjarmu a nan domin kowa ya zo da saninsa.

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa rubuta manhaja ba, don haka bari mu fara da yadda abin yake. Masu wannan sana'a suna ajiye aikinsu ne da wani tsari da ake kira Git. Ku ɗauke shi kamar babban littafin ma'aji, irin mai bango baƙi ɗin nan da muka gada. Duk lokacin da wani ya ƙara wani abu ko ya gyara kuskure, tsarin yana rubuta sunansa, da adireshin imel ɗinsa, da rana da sa'a, da ainihin layukan da ya taɓa, da ɗan bayanin dalilin da ya sa ya taɓa su. Ba a goge na baya, ɗorawa ake yi a kai. Saboda haka idan yau lissafin kuɗin jana'iza ya rikice, wanda ya iya zai buɗe ya ga wane ne ya rubuta wannan layi, yaushe, kuma me yake nufi da shi. Wannan jerin gyare-gyare shi ake kira tarihin rumbun manhaja. GitHub kuwa kamfani ne da ke ajiye wa mutane irin waɗannan rumbuna a intanet.

To, hanyar ƙaura biyu ce. Ta farko, a sauke fayilolin kamar yadda ake sauke hoto, a buɗe sabon rumbu, a loda su gaba ɗaya. Manhajar za ta yi aiki lafiya lau, ba za a ga bambanci a waya ba. Amma littafin zai nuna shafi ɗaya tak, da suna ɗaya tak, na wanda ya yi lodin, kamar a ce shi ya zauna ya rubuta komai a yini guda. Ta biyu, a miƙa rumbun kacokan daga wancan asusu zuwa wannan. GitHub yana da maɓallin yin hakan, ba ya cin ko kwabo, kuma yana tafiya da tarihin duka, har da tattaunawar da aka yi a kan matsaloli, ya kuma riƙa karkato duk wanda ya bi tsohon adireshi zuwa sabon. Ta biyun ma ta fi sauƙi. Shi ya sa muke cewa gardamar ba ta wahala ko kuɗi ba ce. Tambayar ita ce ko muna so sunayen su biyo kayan ko ba ma so.

Akwai wanda ya taɓa bin hanya ta farko, kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya fara Linux a 1991, wato ginshiƙin da wayoyin Android da ke hannunmu suke tsaye a kai. Daga 2002 shi da abokan aikinsa suna ajiye aikinsu a wani tsari na kasuwanci mai suna BitKeeper. A 2005 aka samu saɓani da kamfanin da ke da shi, aka janye musu damar amfani da shi kyauta. Cikin 'yan kwanaki a watan Afrilu na shekarar Torvalds ya ƙirƙiro Git, ya zuba Linux a ciki ranar 16 ga wata. Ya rubuta da kansa cewa bai ɗauko tsohon tarihin ba ko da yake suna da shi, saboda nauyinsa ya yi wa sabon tsarin yawa a lokacin. Sakamakon yana nan har gobe: duk layin da aka rubuta kafin wannan rana kuma ba a sake taɓa shi ba, in ka tambayi Git wa ya rubuta shi, zai ce maka Linus Torvalds, 16 ga Afrilu 2005. Aikin ɗaruruwan mutane na shekara goma sha huɗu ya koma ƙarƙashin suna ɗaya. Sai da wasu suka zauna daga baya suka kwashe tarihin zamanin BitKeeper suka ajiye shi a wani rumbu na daban, kuma mai bincike sai ya haɗa biyun kafin ya gane bakin zaren.

Wani zai ce, to ai ga shi babban malamin ma ya yi, mu su wa? Sai mu duba abin da ya sa su ba su yi asara ba. Suna da uzuri na gaske, mu kuwa manhajarmu ba ta kai nauyin bidiyon biki ɗaya ba. Suna da wani fayil mai suna CREDITS a cikin rumbun da ke jera mutane da abin da kowa ya yi, kuma sunayen marubuta na saman fayiloli da yawa. Sannan sun riga sun sha wuya a kan wannan batu. A watan Maris na 2003 wani kamfani mai suna SCO ya kai IBM kotu a Amurka, yana da'awar cewa an ɗebi rubutun da yake nasa an zuba a Linux. Shari'ar ta ɗauki shekaru. Abin da ta koya musu shi ne, ranar da aka tambaye ka daga ina wannan layi ya fito, “aikinmu ne gaba ɗaya” ba amsa ba ce. Don haka a 2004 suka kafa doka cewa duk mai kawo gyara sai ya sa hannu da sunansa a ƙarƙashi, yana shaida cewa yana da ikon bayar da shi, kuma duk wanda gyaran ya bi ta hannunsa shi ma ya sa nasa. Har yau haka suke yi.

Mun san babu wani kamfanin Amurka da zai kai ƙungiyar Kachia kotu. Amma ƙaramin irin wannan yana iya samunmu. An riga an fara maganar cewa wasu ƙungiyoyin manoman citta da na 'yan kasuwa suna sha'awar manhajar, wasu ma sun tambayi ko za a sayar musu. Ranar da za a yanke ko a ba su kyauta, ko a karɓi kuɗi, ko a buɗe ta ga kowa, wa za a tambaya? Yaran nan ba ma'aikatan ƙungiya ba ne, ba mu biya su albashi ba, ba su sa hannu a wata takarda da ta ce sun sallama mana haƙƙinsu ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu, kamar littafi, kuma ta ba marubuci haƙƙin a danganta aikinsa gare shi ko da ya ba wani damar amfani da shi. Ba mu lauyoyi ba ne, amma wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi taka-tsantsan.

Ku duba VLC, manhajar kallon bidiyo mai alamar mazugi ruwan lemo da kusan kowace kwamfuta a shagunan tura fim take da ita. Masu kula da ita a Faransa sun so su sauya sharuɗɗan lasisin ginshiƙinta wajen 2011. Ba su da ikon yin haka su kaɗai, sai da suka bi waɗanda suka taɓa ba da gudummawa ɗaya bayan ɗaya suna neman yardarsu, wasu sun bar aikin tun shekaru, wasu adireshinsu ya mutu. Inda ba a samu yarda ba, dole aka cire rubutun ko aka sake rubuta shi. Wahala ce babba, amma ta yiwu ne saboda tarihin yana nan, sun san wa za su nema kuma a kan wane layi. Da sun share shi tun farko, da ko hanyar fara neman ba za su samu ba.

Amma gaskiya abin da ya fi damunmu ba kotu ba ne, abincin yaran ne. Kowa a nan ya san abin da ya faru da citta a daminar 2023, lokacin da cuta ta cinye gonaki a Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a. Gidaje da yawa da suke biyan kuɗin makaranta da citta ba su gama farfaɗowa ba. Cikin waɗanda suka rubuta mana manhajar nan akwai 'ya'yan irin waɗannan gidaje. Sun koyi aikin da aron kwamfuta, da cajin waya a shago, da data da suke saya ta ɗari biyar ɗari biyar. Ba su da kawu a ma'aikata. A sana'arsu, idan ka nemi aiki a Kaduna ko Legas ko ƙasar waje, sau da yawa kafin a tambaye ka takardar makaranta za a ce turo shafinka na GitHub. Mai ɗaukar aiki zai buɗe ya ga me ka rubuta, tun yaushe kake yi, ko ka iya aiki da wasu, ko kana gyara kuskurenka in an nuna maka. Ga yaron da bai taɓa aiki a kamfani ba, manhajar da mutane na gaske suke biyan kuɗi na gaske ta cikinta ita ce babbar shaidarsa. Gwamnatin tarayya ta fara shirin 3MTT a 2023 da nufin horar da matasa miliyan 3 a wannan fanni, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace da aka kafa mana a nan Kachia a 2025. Ma'ana masu riƙe da satifiket za su yi yawa ƙwarai nan gaba kaɗan. Wanda zai yi fice shi ne mai aikin da za a buɗe a gani da sunansa a kai. In muka share tarihin, mun karɓi aikinsu kyauta, sannan mun ƙwace abu ɗaya da za su iya ci da shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi kenan, kuma gardin mu ne.

Yanzu ga hujjar iyayenmu, kuma ba za mu raina ta ba. Suna cewa aikin gayya ba shi da mai shi. Masallacin unguwa da aka gina da gudummawa, ba a rubuta sunan wanda ya ɗauko bulo a bango. Wanda ya yi don Allah, Allah Ya gani, kuma jera sunaye yana kawo riya da gasa tsakanin yara, har wani ya fara ganin ƙungiya ba za ta yi ba sai da shi. Wannan tsoro yana da tushe. Mun ga ƙungiyoyi da suka watse saboda “ni na yi, ni na kawo”.

Amsarmu ita ce, ikhlasi aikin zuciyar mai aiki ne, ba abin da shugabanni za su ɗora masa ta hanyar goge sunansa ba. Idan yaro ya zo da kansa ya ce ba ya so a ambace shi, za mu girmama shi, kuma akwai yadda ake yi. Amma mu yanke masa tawali'u a bayan idonsa, wannan wani abu ne daban. Sannan ku lura, hanyar farko ba ta barin bangon ba suna. Git ba ya karɓar ajiya ba tare da suna ba. Dole wani suna ya hau, ko na wanda ya yi lodin ko na asusun da ke hannun wani jami'i. Wato dai za a cire sunayen mutane da yawa da suka yi aiki a sa na mutum ɗaya da bai yi ba. Ko a masallacin ma, littafin kwamitin gini yana nan da sunan wanda ya ba da siminti buhu nawa, kuma in bango ya tsage an san magini da za a kira.

Kuma al'adar karatunmu ba ta san share suna ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san isnadi: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har zuwa tushe. Malaman hadisi ba su ɗauki ambaton waɗannan mutane a matsayin riya ba, sun ɗauke shi amana, domin da shi ake gane maganar da za a dogara da ita. Masu kwafar littattafai da hannu a ƙasar Hausa kan rubuta a ƙarshe wa ya wallafa, wa ya kwafa, su roƙi a yi musu addu'a. Waƙar nan ta Tabbat Haƙiƙa da aka sani a ko'ina, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Ta tashi daga harshe zuwa harshe, daga hannu zuwa hannu, kusan shekara ɗari biyu ke nan, kuma har yau ana iya faɗin abin da kowannensu ya yi. Waɗannan sun fi mu tsoron riya nesa ba kusa ba. Abin sha'awa, Git ma yana da gurbi biyu a kowace ajiya, ɗaya na wanda ya rubuta, ɗaya na wanda ya shigar, kamar dai mawallafi da mai kwafa.

Ba sai mun je nesa ba ma. Maƙwabtanmu Atyap sun samu Wikipedia da harshen Tyap a 2022. Kafin nan sun daɗe suna rubutu a wani wurin gwaji da Wikimedia ke kira Incubator, inda ƙananan harsuna ke fara tattara maƙaloli kafin a buɗe musu shafinsu. Da lokacin ƙaura ya yi, an ɗauko maƙalolin ne tare da tarihin gyaransu, domin lasisin Wikipedia ya wajabta a danganta rubutu ga waɗanda suka yi shi. A Wikipedia ta Hausa ma ƙa'idar ɗaya ce. Ba a yarda ka kwafe maƙala daga wani take ka liƙa a wani sabo ba, sai dai ka yi amfani da maɓallin sauya suna wanda ke tafiya da tarihin, kuma in wani ya yi kwafe-da-liƙa masu kula da shafin kan bi su haɗe tarihin biyu. Masu aikin sa kai ne su ma, ba a biyansu, ba kuma su ce don haka sunan ba shi da amfani ba.

Akwai hujja ɗaya daga ɓangaren masu son sabon shafi wadda ta fi sauran ƙarfi, kuma ma'ajinmu ne ya kawo ta. A farkon aikin, lokacin da yaran ke koyo, an taɓa ajiye jerin sunayen mambobi da lambobin wayarsu a cikin rumbun domin gwaji, har da kalmar sirri ta wurin ajiyar bayanai. An cire su daga baya, amma kamar yadda muka ce, Git ba ya mantuwa, duk mai ikon buɗe tarihin zai iya komawa ya gan su. A yankin da muke, inda kowa ya san abin da lambar waya da sanin wanda ke biyan kuɗi da yawa ke iya jawowa, wannan ba wasa ba ne. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Ma'aji ya yi gaskiya, ba za a ɗauki wannan a kai sabon wuri haka nan ba.

Sai dai maganin ƙaiƙayi ba yanke hannu ba ne. Akwai kayan aiki, irin su git-filter-repo, da ake bi da su ta cikin tarihin gaba ɗaya a tsame fayil ɗaya daga farko har ƙarshe, a bar sauran da sunayen marubutansu da ranakunsu. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya, kuma a cikin yaran akwai wanda ya iya. In an bi wannan hanya, sai a tura tarihin da aka tsabtace zuwa sabon rumbu, a rufe tsohon bayan an tabbatar komai ya iso. Kalmar sirrin kuwa dole a canza ta ko wace hanya aka bi, domin abin da ya taɓa fita ya fita. Rumbun kuma ya zauna a kulle, sai wanda aka ba izini, har zuwa ranar da taro zai yanke ko za a buɗe shi. Wanda ba ya so imel ɗinsa ya bayyana, GitHub yana ba kowane asusu wani adireshi na rufin asiri da zai iya amfani da shi, aikin ya ci gaba da hawa kansa ba tare da an ga adireshinsa na gaske ba.

Tun da za a taɓa tarihin, akwai wani gyara da ya kamata a yi a lokaci guda, domin tarihin da muke karewa shi ma bai cika ba. Kwamfuta ɗaya ce yara uku suka riƙa karɓa-karɓa da ita tsawon watanni, kuma sunan mai ita ne a saite. Saboda haka akwai aikin da wata ƙanwarmu ta yi, ɓangaren da ke fitar da rasit, wanda littafin ya rubuta da sunan wani. Shi da kansa ya faɗa mana, Allah Ya yi masa albarka. Wani kuma ya yi amfani da imel uku daban-daban, har tsarin yana ƙirga shi mutum uku, biyu daga ciki ba su haɗu da asusunsa ba, don haka aikin ba ya fitowa a shafinsa. Na biyun mai sauƙi ne, ya ƙara tsofaffin adireshin a asusunsa, a kuma rubuta fayil ɗin .mailmap da ke gaya wa Git cewa waɗannan sunaye mutum ɗaya ne. Na farkon yana bukatar yaran su zauna tare su bi ajiyar ɗaya bayan ɗaya, su yarda a kan wa ya yi me, a gyara sunan marubuci ko a ƙara layin abokin rubutu inda aka yi tare. Gara a yi yanzu da kowa ke tunawa. Nan da shekara biyu kowa zai tuna abin da ya fi masa daɗi.

Kada kuma a ɗauki yawan ajiya a matsayin ma'aunin aiki. Wani yana ajiyewa sau goma a gyaran waƙafi, wani sau ɗaya bayan ya kwana uku yana neman dalilin da ya sa lissafi ke ɓata. Sannan akwai waɗanda Git bai san da zamansu ba sam. Matan da suka zauna suka karanto tsohon littafi layi-layi ana shigarwa, suna gyara sunan da aka rubuta sau biyu domin sun san gidan. Dattijon da ya riƙa gwada manhajar a ƙaramar wayarsa yana cewa rubutun ya yi ƙanƙanta, har aka ƙara masa girma. Malamar da ta mayar da kalmomin allon zuwa Hausar da iyayenmu ke ganewa. Wanda ya ba da janareta da mai. A nan kusa da mu, a ƙasar Jaba, aka fara tono gumakan Nok da duniya ke zuwa kallo. Ma'aikatan haƙar kuza ne suka ci karo da su, amma sunan da ke cikin littattafai shi ne na Bature Bernard Fagg, wanda ya nazarce su a shekarun 1940. Ya yi aikinsa, ba mu hana shi ba. Amma mu da muka san zafin wannan bai kamata mu maimaita shi a cikin gidanmu ba. Don haka muna ba da shawarar a buɗe fayil na godiya a cikin rumbun, da Hausa, a rubuta kowa da abin da ya yi, bayan an nemi izininsa.

Saura batun da ake ta kewayewa ba a faɗa a fili. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yin aiki a shekarar farko ya bar ƙungiya ba cikin daɗi ba, kuma ya faɗi maganganu da suka ɓata wa manya rai. Mun san wasu na son sabon shafi ne domin sunansa ya ɓace ba tare da an ce an cire shi ba. Muna roƙon iyayenmu su yi haƙuri da mu a nan. Abin da ya faɗa tsakaninsa da waɗanda ya faɗa wa ne, akwai kwamitin sulhu domin haka. Amma layukan da ya rubuta suna aiki a wayar kowannenmu duk ƙarshen wata. In ba ma son sunansa, sai mu cire aikinsa mu sake rubutawa, kuma babu wanda ya kawo wannan shawara domin kowa ya san tsadarta. Sauran yaran kuma suna kallo. Abin da muka yi masa shi za su ɗauka za a yi musu ranar da suka saɓa da wani babba, kuma wanda ya ga haka ba zai sake kwana yana mana gyara ba.

Wannan ƙaura ma ba ita ce ta ƙarshe ba. Google ya taɓa buɗe irin wannan wurin ajiya mai suna Google Code, ya rufe shi a 2016, kowa ya kwashe kayansa. Shi kansa GitHub Microsoft ya saye shi a 2018. Wata rana mu ma za mu sake tashi, watakila a hannun wasu shugabanni da wasu yara da yanzu suke firamare. Shi ya sa muke so abin da za a yanke ya shiga kundin ƙa'idojin ƙungiya a rubuce: duk lokacin da za a ɗauke manhaja, ko rajista, ko wani aikin rubutu daga wuri zuwa wuri, a ɗauke shi da tarihinsa, kuma kada asusun ƙungiya ya zama mutum ɗaya ne ke riƙe da mabuɗinsa.

Kafin babban taro, muna roƙon kada kowa ya loda komai a sabon asusun, kada kuma a goge tsohon rumbun. Yaran da suka yi aikin su haɗu su fitar da jerin gyaran sunaye, har da wanda ya bar mu, sakatariya za ta tuntuɓe shi. Duk wanda ya san wani da ya taimaka ta hanyar da ba a rubuta ba, musamman cikin iyayenmu mata, ya kawo sunan ofis ko ya ba wakilin unguwarsa, kada a rubuta lambar wayar kowa a ƙarƙashin wannan rubutu. Wanda kuma yake da hujjar da ta saɓa wa tamu, ƙofa a buɗe take, za mu sa ta a wannan shafi kamar yadda muka sa tamu.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya kai mu ranar taro.

Sakataren Ƙungiya, a madadin sakatariya.